Zaɓen Ƙwan Lantarki Mai Karɓar Umarni: Abin da Ya Kamata a Fara Dubawa

Malam, ka ce kana so ka mayar da fitilun gidanka, waɗanda suka kai 20, su zama masu karɓar umarni ta wayar hannu da murya, su riƙa kunna kansu suna kashewa a kan lokaci, amma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin ƙwan da ke haɗuwa da Wi-Fi kai tsaye da wanda sai an saya masa na'urar cibiya, wato ƙaramin akwatin da ke tsakanin ƙwayayen da intanet ɗin gida. Ka kuma tambaya ko masu launuka sun cancanci kuɗinsu. Zan amsa duka biyun, sai dai akwai tambayar da ta riga su, kuma ita ce take raba wanda zai ji daɗin tsarinsa da wanda zai kwance shi bayan 'yan watanni: me ƙwan zai yi idan wani ya kashe makunnin bango, ko intanet ta yanke, ko wuta ta ɗauke ta dawo cikin dare?

A gindin irin wannan ƙwai akwai ƙaramar kwamfuta da na'urar rediyo da ke sauraron umarni dare da rana, ko da hasken a kashe yake, saboda haka dole ne wuta ta riƙa isa gare shi a kowane lokaci. Da zarar wani ya danna makunnin bango, an yanke masa wuta gaba ɗaya, manhaja ba ta ganinsa, murya ba ta isa gare shi, kuma jadawalin da ka tsara na kunna shi da faɗuwar rana zai wuce ba tare da komai ya faru ba. Hannun mutanen gida ya saba da makunni shekara da shekaru, kuma ba za ka iya sake wa yara da baƙi tarbiyya a kan wannan ba. Wasu suna manna salatif a kan makunnin, abin da ke ɓata bango kuma ba ya hana kowa. Maganin da yake aiki shi ne a bar wa mutane abin dannawa a inda suka saba samunsa, amma wanda ba ya yanke wuta. Akwai makunnai masu batir da ake mannawa a bango ko a rufe tsohon makunnin da su, irin waɗanda Philips Hue da IKEA suke yi. Akwai kuma waɗanda ba su da batir sam, ƙarfin dannawar da yatsa ya yi ne yake samar da 'yar wutar da ke aika saƙon. Sannan akwai ƙananan na'urori da ake ɓoyewa a bayan makunnin da ke nan, irin na Shelly, waɗanda za a iya saita su yadda makunnin zai riƙa aika umarni kawai, wuta kuwa ta ci gaba da tafiya zuwa ƙwan. Wannan na ƙarshe aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne, ba abin da za a yi da hasashe ba. Duk wanda ya yi lissafin kuɗin ƙwayaye bai sa kuɗin waɗannan makunnai ba, lissafinsa bai cika ba.

Daga nan ne ma ya kamata ka tambayi kanka ko ƙwan ne ya kamata ya zama mai karɓar umarni ko makunnin. Idan falonka yana da ƙwayaye 6 a silin waɗanda makunni ɗaya yake kunnawa, kuma farin haske iri ɗaya kake so daga gare su kullum, to makunni ɗaya mai karɓar umarni tare da ƙwayayen LED na yau da kullum ya fi sauƙi, ya fi arha, kuma matsalar da na bayyana a sama ba za ta taso ba. Sharaɗinsa shi ne yawancin irin waɗannan makunnai suna buƙatar wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a cikin akwatin bango, wadda tsofaffin gine-gine da yawa ba a ja ta zuwa wurin ba, kodayake akwai samfuran da aka yi musamman don inda babu ita. Ƙwai mai karɓar umarni ya fi dacewa ga wanda yake haya ba shi da ikon taɓa wayarin, da fitilun tebur da na gefen gado, da kuma duk ɗakin da ake so kalar hasken ta riƙa sauyawa daga safe zuwa dare, domin makunni ba zai iya sauya kalar haske ba. A gida mai fitilu 20, yawanci haɗa su biyun ne yake fin dacewa.

Yanzu sai batun hanyar sadarwa, wanda shi ne ainihin tambayarka ta farko. Ƙwan Wi-Fi yana da daɗin farawa, domin ba ya buƙatar komai sai rautar da kake da ita, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida. LIFX ya yi suna a wannan fanni tun 2012, kuma TP-Link da WiZ da ɗimbin kamfanonin da ke amfani da dandalin Tuya suna yin irinsa. Ga ƙwai 2 ko 3 ba ni da abin cewa a kansa. Amma kowane ƙwai na'ura ce mai zaman kanta a kan rautar, yana cin gurbi kamar yadda wayar hannu take ci, kuma rautocin da kamfanonin intanet suke bayarwa ba duka ne suke jure na'urori masu yawa ba tare da sun fara watsar da wasu ba. Kusan dukkan waɗannan ƙwayaye a zangon rediyo na gigahaz 2.4 kaɗai suke aiki, shi ya sa haɗa su yakan yi gardama idan rautar ta haɗe zangon 2.4 da na 5 a ƙarƙashin suna ɗaya. Ranar da ka sauya rauta ko kalmar sirri kuwa, in ba ka maimaita tsohon suna da tsohuwar kalmar ba, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka sake haɗawa.

Zigbee, tsarin rediyon da yawancin ƙwayaye masu na'urar cibiya suke bi, an gina shi ne don irin wannan aiki na ƙananan saƙonni. Yana tafiya a kan ƙa'idar IEEE 802.15.4, yana cin wuta kaɗan, kuma ƙwayayen ba sa taɓa rautarka. Suna magana ne da na'urar cibiya guda ɗaya, ita kuma ta haɗu da rautar. Babbar fa'idarsa ita ce saƙar raga: yawancin ƙwayayen suna karɓar saƙo su miƙa wa na gaba, don haka ƙwan da ke can ƙarshen gida ba sai ya ji cibiyar kai tsaye ba, kuma yawan ƙwayaye yana ƙara wa tsarin ƙarfi maimakon ya raunana shi. Philips Hue, wanda ya fito a Oktoban 2012 kuma kamfanin Signify ne yake yinsa yanzu, da Zigbee yake aiki, kuma cibiyarsa da aka fi sani an ƙayyade mata fitilu kusan 50. IKEA ma da Zigbee ya fara nasa jerin Trådfri. Wannan saƙar raga ita ce kuma take ƙara wa matsalar makunnin bango nauyi, domin ƙwan da aka yanke wa wuta a baranda yana iya zama shi ne gadar da na'urar gano motsi ta ɗakin baya take bi, sai ka ga abin da ba shi da alaƙa da barandar ya daina aiki. Hanyar kauce wa hakan ita ce a sa soket masu Zigbee guda 2 ko 3 a wuraren da ba a cire su, su zama su ne ginshiƙan ragar.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne Zigbee da Wi-Fi suna zaune a zango ɗaya na gigahaz 2.4. Zigbee yana da tashoshi 16 a wurin, daga ta 11 zuwa ta 26, kuma idan tasharsa ta faɗa ƙarƙashin tashar Wi-Fi mai ƙarfi, umarni zai riƙa jinkiri ko ya ɓace. Masu aikin sukan zaɓi ta 15 ko ta 20 ko ta 25, kuma su nisanta cibiyar daga rautar da aƙalla mita ɗaya. Idan ƙaramar sandar Zigbee ce da ake cusawa a kwamfuta, a sa mata igiyar ƙari, domin mashigar USB 3.0 tana fitar da hayaniyar rediyo a daidai wannan zango. Sauya tasha bayan an gama haɗa na'urori yana iya tilasta maka sake haɗa wasunsu, don haka tun ran gini, tun ran zane.

Bluetooth ba zan tsaya a kansa ba. Ya ishi ɗaki ɗaya, Hue ma ya ƙayyade shi ga fitilu 10, amma ba ya ba ka iko idan kana nesa da gida. Z-Wave, wani tsarin rediyo na daban, yana da kyau ga makunnai da na'urorin tsaro, sai dai ƙwayayensa kaɗan ne, kuma zangonsa ya bambanta tsakanin Turai da Amurka, don haka na wani yanki ba ya aiki da cibiyar wani.

Sunan da za ka fi gani a kwalaye yanzu shi ne Matter, kuma mutane da yawa suna rikita shi da Thread. Matter harshe ne na bai ɗaya, wanda ƙungiyar Connectivity Standards Alliance ta fitar da sigarsa ta farko a Oktoban 2022 da goyon bayan Apple da Google da Amazon da Samsung, domin ƙwai ɗaya ya iya aiki da tsarin kowannensu, har ma da biyu a lokaci guda. Thread kuwa hanyar rediyo ce, ɗan'uwan Zigbee ne a kan ƙa'idar 802.15.4 ɗin nan, shi ma yana saƙa raga. Ƙwan Matter yana iya tafiya a kan Wi-Fi ko a kan Thread, kuma tambarin Matter shi kaɗai bai gaya maka wanne ba ne, sai ka karanta kwalin. Idan na Wi-Fi ne, duk abin da na faɗa game da cunkoson rauta yana nan. Idan na Thread ne, kana buƙatar na'urar da za ta haɗa ragar Thread da sauran gidan, aikin da na'urorin karɓar umarnin murya irin su HomePod mini da Nest Hub na biyu da Echo na huɗu suke yi, wato dai ba ka tsira daga cibiya ba, an dai ɓoye ta ne a cikin wata na'urar. Matter yana ɗaukar kunnawa da kashewa da rage haske da sauya kala yadda ya kamata, amma abubuwan ƙawa na musamman, kamar haske mai bin kiɗa ko hoton talabijin, galibi sai a manhajar kamfanin. A ganina Matter dalili ne mai kyau na fifita wani ƙwai a kan wani idan sauran halayensu ɗaya ne, amma bai kai a watsar da tsarin Zigbee mai aiki saboda shi ba, musamman da yake cibiyar Hue da Dirigera ta IKEA suna iya gabatar da ƙwayayen Zigbee ga tsarin Matter.

Abin da ya fi sunan hanyar muhimmanci shi ne inda umarnin yake bi. A wasu ƙwayayen Wi-Fi, idan ka danna kunnawa a wayarka kana tsaye a ƙarƙashin fitilar, saƙon yana fita ta intanet zuwa sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsa, a wata ƙasa, sannan ya dawo. Intanet ta yanke, iko ya yanke. Kamfanin ya rufe, ƙwan ya koma na yau da kullum, kuma wannan ya riga ya faru ga wasu: kamfanin Nest ya rufe na'urar cibiya mai suna Revolv a 2016, na'urar ta daina aiki baki ɗaya, sannan a Afrilun 2022 sabobin kamfanin Insteon suka mutu ba tare da sanarwa ba, har sai da wasu masu amfani da kayan suka sayi kamfanin suka farfaɗo da shi. Zigbee da Matter an tsara su ne su yi aiki a cikin gida ba tare da intanet ba, haka ma Home Assistant, manhajar da kowa yake iya duba lambobinta kuma ake ɗora ta a kan ƙaramar kwamfuta a gida, wadda ke haɗa kayan kamfanoni daban-daban a wuri ɗaya ga mai haƙurin koyonta. Umarnin murya dai yawanci yana buƙatar intanet ko da ƙwayayen ba sa buƙata.

Sai halin ƙwan idan wuta ta dawo. Ƙwayaye da yawa an saita su daga masana'anta su kunnu da cikakken haske da zarar wuta ta iso su, domin makunnin bango ya ci gaba da aiki kamar da. Ma'anar wannan ita ce idan wuta ta ɗauke ta dawo da ƙarfe 3 na dare, duk ɗakunan kwana za su haske lokaci guda. Ƙwai mai kyau yana ba ka zaɓi: ya koma yadda yake kafin ɗaukewar, ko ya zauna a kashe, ko ya kunnu da ƙaramin haske. Ka tabbatar wannan zaɓi yana nan kafin ka saya, kuma ka sani cewa wasu ƙwayayen suna komawa saitin masana'anta idan aka kunna aka kashe su sau da yawa a jere, don haka wutar da ke ƙyaftawa tana iya goge musu haɗinsu.

Yanzu ga hasken kansa, wanda shi ne za ka zauna da shi kowace rana. Ƙarfin haske da lumen ake aunawa, wat kuwa cin wuta ne. Lumen 800 ya yi daidai da tsohon ƙwai mai wat 60, lumen 1100 daidai da mai wat 75, lumen 1600 daidai da mai wat 100, kuma ƙwan LED mai lumen 800 yakan ci wat 8 zuwa 10 ne kawai. Tunda kana iya rage hasken yadda kake so, gara ka ɗauki wanda ya ɗan fi buƙatarka ƙarfi. Ka lura kuma cewa adadin da ke kwali na farin haske ne a kalar da ƙwan ya fi ƙarfi. Idan ka mayar da shi fari mai ɗumi yana iya raguwa, idan ka mayar da shi shuɗi ko ja kuwa raguwar tana da yawa sosai.

Kalar farin haske da kelbin ake auna ta. Kelbin 2700 shi ne fari mai ɗumi da ke karkata zuwa rawaya, irin na tsohon ƙwai, 4000 fari ne tsaka-tsaki, 6500 kuwa fari ne mai karkata zuwa shuɗi kamar hasken tsakar rana. Ƙwayayen iri uku ne: mai fari ɗaya da ake rage masa ƙarfi kawai, mai farin da ke sauyawa, wanda yakan tashi daga wajen 2200 zuwa 6500, da mai cikakkun launuka. Amsata ga tambayarka ta biyu ita ce na tsakiyan ne ya fi cancantar kuɗinsa a yawancin ɗakuna. Haske mai yawan shuɗi da dare yana rage sinadarin melatonin da ke shirya jiki don barci, saboda haka fitilar da ke ba da fari mai kaifi da safe ta koma mai ɗumi da rauni da dare tana da amfanin da za ka ji kullum, kuma manhajojin Apple Home da Hue da Home Assistant duk suna iya yin wannan sauyi da kansu. Launuka kuwa, a yawancin gidaje, ana wasa da su ne a makon farko sannan a koma fari. Suna da wurinsu a bayan talabijin, ko ɗakin yara, ko a matsayin alama, kamar fitilar baranda ta koma ja idan an bar ƙofa a buɗe, don haka ƙwai 2 ko 3 masu launi sun isa. Idan za ka saya, ka duba cewa yana da fitilun fari na musamman a ciki, domin wanda yake haɗa fari daga ja da kore da shuɗi kaɗai farinsa ba ya da kyau.

Akwai ma'aunin da ake rubutawa CRI, wanda ke nuna yadda haske yake fito da ainihin kalar abubuwa, kuma iyakarsa 100. Yawancin ƙwayaye suna wajen 80, wanda ya ishi baranda da matakala, amma a kicin da gaban madubi da wurin karatu ko ɗinki, 90 ko sama ya fi, domin a ƙasa da haka jan abu da fatar mutum sukan fito a dushe. Ka gwada kuma yadda ƙwan yake raguwa: wani yana sauka a hankali har ya zama kamar kyandir, wani kuwa ƙaramin haskensa ma ya fi ƙarfin ɗakin kwana. Wasu masu arha suna ƙyaftawa da sauri idan an rage su, abin da ido ba lallai ya gani ba amma yana gajiyar da wasu mutane. Kyamarar wayar hannu a yanayin ɗaukar hoto mai tafiyar hawainiya takan tona shi.

Kafin duk wannan ya yi amfani, sai ƙwan ya shiga mazauninsa. E27 da E26 masu murɗi ne, lambar kuwa faɗin gindin ne a milimita. E27 na ƙasashe masu bolt 220 zuwa 240 ne, E26 na masu bolt 120 kamar Amurka, kuma da yake suna kusan shiga mazaunin juna, mai saye ta intanet yana iya ƙona ƙwai idan bai karanta bolt ɗin ba. B22 shi ne mai haƙora biyu, E14 ƙarami mai murɗi, GU10 kuwa na fitilun da ake binnewa a silin. Ƙwai mai karɓar umarni yakan fi na yau da kullum tsawo da nauyi, don haka a auna murfin fitilar. Kada a sa shi a layin da ke da makunnin rage haske na bango, domin wannan makunni yana yanka wutar ne gunduwa-gunduwa, abin da ke sa ƙwan ƙyaftawa da ƙara har ya lalace. Zafi shi ne babban abin da ke rage masa kwana. Awa 15,000 ko 25,000 da ake rubutawa ba za su cika ba a cikin murfi rufaffe da iska ba ta shiga, murfin ƙarfe kuma yana toshe saƙon rediyo. Na waje da na banɗaki a duba lambar kariyarsu daga ruwa, IP44 inda ruwa ke fantsama, IP65 inda ruwan sama ke duka.

Cin wutar da yake yi a kashe ba shi da yawa amma ba sifili ba ne. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Satumban 2021 ta ƙayyade shi ga rabin wat, kuma rabin wat a shekara guda ya kai kusan kilowat-awa 4.4, wato ƙwayaye 20 za su iya cin kusan 88 ba tare da sun ba da haske ba. A ɗakin ajiya da ake kunnawa na minti 5 a rana, ƙwai na yau da kullum ya fi tattali.

Tsaro ma yana buƙatar kulawa, tunda kowane ƙwai ƙofa ce ga hanyar sadarwar gida. A 2016 masu bincike daga Cibiyar Weizmann da Jami'ar Dalhousie sun nuna yadda za a kame ƙwayayen Hue daga nesa da jirgi marar matuƙi, a 2020 kuma kamfanin Check Point ya nuna yadda za a bi ta ƙwai a kai ga cibiya. Duka biyun an toshe su da sabuntawa, kuma wannan ne abin da ya kamata ka nema: kamfanin da yake ci gaba da aika gyara bayan ya sayar. Ƙwan Wi-Fi yana riƙe da kalmar sirrin gidanka a cikinsa, don haka a mayar da shi saitin masana'anta kafin a yar ko a bayar, kuma idan rautarka tana da layin baƙi ko layi na musamman don irin waɗannan na'urori, a yi la'akari da shi, tare da sanin cewa Matter yana buƙatar wayarka da ƙwan su iya ganin juna.

Ga gidanka mai fitilu 20, da ni ne zan sa makunnai masu karɓar umarni a falo da kicin da baranda inda ƙwayaye da yawa suke kan layi ɗaya, in sa ƙwayayen Zigbee ko na Matter a kan Thread masu farin da ke sauyawa a ɗakunan kwana da fitilun tebur, kowane ɗaki da abin dannawarsa a bango, in kuma tsaya ga kamfani ɗaya a cikin kowane ɗaki, domin kelbin 2700 na wannan kamfani da na wancan ba sa zama kala ɗaya a ido. Kada ka sayi duka a tashi ɗaya. Ka fara da cibiya da ƙwai 2 da makunni ɗaya, ka zare igiyar intanet daga rauta ka ga ko suna amsawa, ka yanke musu wuta ka mayar ka ga halin da za su tashi a ciki, ka rage su zuwa ƙarshe da dare a ɗakin da za a kwana, sannan ka bar sauran mutanen gidan su yi amfani da su na mako guda ba tare da ka yi musu bayani ba kafin ka sayi ragowar.